Ranar da Kaka Ta Kira Annoba da Sunanta

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Kakata, mahaifiyar babana, ta riga mu tafiya a ƙarshen daminar nan, a ƙauyenmu da ke arewa da Belbeji, cikin ɗakin da ta tsufa. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta.

Ba don in yi kuka na ɗauki alƙalami ba. Kukan na gama shi a mota, tun daga Tanut inda nake koyarwa a lakwal har bakin dangar gidanmu. Abin da ya sa ni rubutu shi ne irin addu'ar da na yi ta ji a bakin masu gaisuwa, addu'a mai jela.

"Allah ya jiƙanta, amma fa tsohuwar akwai taurin kai."

"Mutuniyar kirki ce, sai dai ba a shiga gonarta."

Wata kuwa, wadda Kaka ce ta wanke gawar uwarta da ta ɗiyarta, ta gyara lulluɓi ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Allah dai ya yafe mata abin da ta yi wa gari." Matan da ke gefenta suka ce amin, har da gyaɗa kai.

Na ɗago zan yi magana, Gwaggo, ƙanwar babana, ta mintsine ni a cinya. "Ke, gidan makoki ne. Ki bar wa cikinki."

Na bar wa cikina na ɗan lokaci. Amma jikar Kaka ce ni, a bayanta na girma, kuma ba a san gidanmu da iya haɗiye magana ba. Tunda an ce ta yi wa gari laifi, to bari in faɗi laifin da bakina, kowa ya ji, kafin a gada wa jikokinmu labarin da aka murɗe.

Kaka gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa, haƙoranta jajaye da goro. Ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu tun kafin a haife ni. Ba ta karɓar komai a kai, ko goro aka miƙa mata sai ta ce a ba yara. In ta dawo daga wanka, sai ta tsaya a bayan ɗaki ta wanke hannu da toka da sabulu har gwiwar hannu, ta sauya zane, sannan ta taɓa ni. Ina ƙarama na ɗauka duk tsofaffi haka suke yi.

Halinta ɗaya da ya fi damun mutane shi ne ba ta iya sakaya magana ba. Mu nan Damargu muna da ladabi ga cuta kamar surukarmu. Ƙyanda ta kama yaro, sai a ce baƙon dauro ya sauka. Sanƙarau ya shigo da zafin bazara, sai a ce iskar bana ba ta da kyau. In abin ya yi tsanani har makara ta fara fita safe da yamma, sai a rage murya a ce "abin nan" ko "ciwon nan da ke yawo". Kalmar annoba kuwa ba a faɗarta sai ta wuce. A lokacin ne za ka ji tsofaffi a gindin bishiya suna cewa, "Shekarar annoba, Allah kada ya maimaita." Tana cikin gari kuwa, wanda ya ambace ta kamar shi ya yi mata sallama ta shigo.

Kaka ba ta yarda da wannan ba ko kaɗan. "Baƙo? Wane irin baƙo ne zai shigo ya ɗauke maka ɗa, kana shimfiɗa masa tabarma? Ƙyanda ce, ku ce ƙyanda."

Ta taɓa raba min kalmomin tana tsince wake a faifai. Na ce mata ai ciwo da annoba duk ɗaya ne. Ta dube ni ta ƙasan ido.

"Ja'ira, abin da ake koya muku a lakwal ke nan? Ciwo naki ne ke kaɗai. Kin ga dama ki ɓoye shi, mutuncinki ne, ba ruwan kowa. Annoba kuwa ta gari ce. Ba ki da ikon ɓoye ta, don ba taki ba ce."

Ba ta kuma son a yi wasa da kalmar. In wani ya ce tsuntsaye sun zama annoba a gona, sai ta yarda, don sun ci hatsin kowa. Fara ma ta yarda. Amma ranar da Gwaggo ta ce wayar hannu ta zama annoba ga 'yan mata, Kaka ta ce, "Wayar ta kashe wa? Nuna min kabarinsa. Kada ki ɓata min kalma, akwai ranar da za a neme ta."

Ranar ta riga ta zo mata tun ina yarinya, ban daɗe da fara famfarar haƙori ba.

A shekarar ruwa ya yi kyau. Gero ya yi kai har ya sunkuya, tabkin gabas da gari ya cika, kowa ya huta da jan wasaki a rijiyarmu mai zurfi, mutane da dabbobi duk aka koma tabki. Ana shirin girbi, ana jiran motocin masu sayen hatsi daga Damagaram, an sa ranar aure a gidaje da yawa. Sai amai da gudawa suka fara a unguwar yamma. Wata tsohuwa ta fara tafiya. Aka yi zaman makoki yadda muka saba: aka shimfiɗa tabarmi, maƙwabta suka yi ta shigo da kwanoni, aka dama fura a babbar ƙwarya, ludayi ɗaya na zagawa daga baki zuwa baki, moɗa ɗaya a kan randa. Kafin a yi sadakar uku, matar da ta dama furar ta kwanta. Aka koma gidanta aka zauna. Daga nan aka koma gidan wadda ta zauna kusa da ita.

Kaka ce ke wanke su, don haka ita ta fara ganin hanyar da abin ke bi. Ta ce min daga baya, "Kowane gidan makoki sai ya haifi wani. Fuskar da na gani jiya tana shan fura, ita nake rufe wa ido yau."

Mai garinmu ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, autansu. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, shi ya sa har ya naɗa rawani ba ta daina kiran sa Auta ba, a gaban kowa. Ta same shi a rumfarsa da hantsi, dattawa na kewaye da shi, ni kuma ina riƙe da bakin zanenta.

"Auta, annoba ce ta shigo garin nan. Ka aika Belbeji a gaya wa likita. Ka hana zaman makoki, ka hana shan tabki."

Wani dattijo ya tofa a gefe yana neman tsari.

Mai gari ya ce, "Yaya, ki iya bakinki. Ciwon ciki ne na sabon hatsi, kowace shekara ana yi."

"Sabon hatsi ba ya kashe mace mai ƙarfi tsakanin safe da yamma. Ni ke wanke su, ba kai ba."

Mai gari ya yi karatun allo mai zurfi a ƙuruciyarsa, kuma yana son a san haka. Ya gyara zama ya ce, "To ko da ita ce, kin san ma'anar sunan da kike ta kira? Daga Larabci muka aro shi. Asalinsa abin da ke zagayowa kan mutane bi da bi, kamar layin shayarwa a rijiya. Yau garken wane, gobe na wane. Wanda nasa ya zo ba ya tsallakewa, wanda nasa bai zo ba ko a ƙwarya ɗaya suka sha ba abin da zai same shi. In muka kai magana Belbeji, za a rufe mana kasuwa, motoci su juya, a ɗage aure, sunan garinmu ya ɓaci har Tanut. Kuma wanda zai mutu sai ya mutu."

Na tambayi malamai a Tanut bayan na girma, sun ce min bai yi ƙarya ba game da asalin kalmar. Daga Larabci take, kuma tana ɗauke da ma'anar juyi da abin da ke afko wa mutum. Amma amsar Kaka ce ta zauna min a kai.

"Layin rijiya ka ce? To na ji. A ce kai makiyayi ne, ka ga garken da ya sha gabanka ya zube a bakin komi. Za ka tura naka don layinka ya zo? Ja da baya za ka yi, ka kuma yi wa na bayanka ihu. Mutuwa ta Allah ce, Auta, ban musa ba. Amma ludayin namu ne."

Bai aika ba. Ba na cewa mugun mutum ne. Tsoro ya ji, kamar yadda kowa ya ji, kuma shi ne aka ɗora wa gari a ka.

Babana na cikin samarin da ke haƙa kabari da ɗaukar makara. Mutum ne mai kunya, ba ya iya ƙin abin da aka miƙa masa. Kaka ta ja masa kunne kada ya ci kada ya sha a gidan makoki. Ya ce, "Inna, yaya zan yi? Dattijo ya miƙo min ludayi, in ce ba na sha?" Abin da nake iya tunawa da shi ba shi da yawa: yana ɗora ni a wuyansa in mun je gona, kuma yana da wata waƙar noma da ba ya iya kai ƙarshenta sai ya yi dariya. Ya kwanta da safe. Washegari kafin azahar an rufe masa fuska.

Shi kaɗai ne ɗanta namiji.

Liman da waɗanda ba makawa sai da su suka shirya shi. Kaka ta tsaya a kansu sai da kowa ya wanke hannu da toka da sabulu. Aka kai shi. Kafin masu jana'iza su dawo, mata sun riga sun fara hidima. Wata ta shimfiɗa sabuwar tabarmar kaba a ƙofar gida, wadda babana ya sayo a kasuwar Belbeji don baƙin girbi. Wata ta turo randa bakin danga. Ga kwanoni nan tafe a kan kawuna daga kowane lungu. Innata, matar mamacin, tana cikin ɗaki ba ta san inda kanta yake ba.

Ina tsugune bayan turmi na ga Kaka ta fito. Idonta a bushe. Ta sunkuya ta naɗe tabarmar da hannunta, ta jingine ta cikin gida. Ta sa ƙafa ta ture randar, ruwan ya malale a rairayi. Ta ɗauki taɓarya ta gitta a ƙofa, ta tsaya a bayanta.

Jama'a suka iso, mai gari na gaba, an ɗaga hannu za a fara fatiha.

"Ku tsaya nan," in ji Kaka. Muryarta ta kai har bakin masallaci. "Annoba ce ta kashe ɗana. Annoba! Kun ji na faɗa. Ba mai shiga gidan nan, ba mai ci, ba mai sha. Ku koma da kwanoninku. Mai son yi masa addu'a ya yi daga ɗakinsa, Allah na ji daga nesa."

Wasu mata suka toshe kunne. Wata ta saki kwano ya kife.

Mai gari ya matso har ƙirjinsa ya kusa taɓa taɓaryar. A hankali ya yi magana. "Yaya, ɗana ne shi ma. Gaisuwa na zo yi miki. Ki janye wannan abu, kada ki kunyata ni gaban jama'ata."

"Don ɗanka ne nake hana ka. Na rufe ɗaya yau, ba na son in rufe wanda na goya. Koma gida, Auta."

Da ta tsaya a nan, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma Kaka ce. Ta ƙara da cewa, "Da ka aika ranar da na ce, da yanzu yana gona."

Mai gari ya ja da baya. Ya ce, "Kin kore ni daga gaisuwar ɗana, kin kuma ɗora min gawarsa. Wallahi ƙafata ba za ta ƙara taka cikin gidan nan ba." Ya juya, gari ya juya tare da shi.

Da la'asar Kaka ta ɗaura wa jaki amalanke da kanta, ta nufi Belbeji. Ta sami majo, wato babban ma'aikacin likita, ta faɗa masa kalmar da gari ya ƙi faɗa. Suka zo da mota da tantuna da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Aka killace tabki, aka hana taro, aka rufe kasuwa. Duk abin da mai gari ya ji tsoro ya faru. Motocin hatsi suka juya, aka ɗage bukukuwa, wani auren ma ya mutu gaba ɗaya, kuma an daɗe a kasuwannin Damargu in an ga mutumin garinmu sai a matsa gefe. Ciwon kuma ya lafa. Ban san rai nawa aka tsira da shi ba, ba kuma zan ƙirƙiro lissafi don in kare ta ba. Abin da na sani shi ne, gidan makokin babana bai haifi wani ba.

To ga laifin da Kaka ta yi wa gari, na faɗe shi duka, har da maganar da ta soki ƙanenta da ita, wadda ni ma na san ta yi zafi. Yanzu kuma a ji abin da gari ya yi mata.

Ba wanda ya dawo ya yi mata gaisuwar ɗanta. Ko mutum ɗaya. Annoba ta wuce, kasuwa ta buɗe, aka sha bukukuwa, amma ƙofarmu ba ta ga mai cewa "ya haƙuri" ba. Suka ce ai ita ta kori gaisuwa, wanda ya kori gaisuwa ba ya buƙatarta. Innata ta yi takabarta a ɗaki shiru kamar mai laifi, da ta gama danginta suka zo daga Ollelewa suka tafi da ita, Kaka ta riƙe ni. Yara suka sa mata suna Mai Taɓarya. In ta doso rijiya sai hira ta mutu.

Ita kuwa ba ta fasa komai ba. Mace ta mutu, ko a gidan wanda ya fi kowa zaginta ne, kafin a aiko ta riga ta ɗauki sabulunta. Ta wanke matar mai gari da hannunta, ta shiga gidansa ta fita, suka gaisa kamar baƙi. Ni kuwa in ya gan ni a hanya sai ya yi min wasan jika, ya ce, "Amaryata, yaushe za ki tare?" ya cika min hannu da dabino. Amma ko inuwar dangarmu ba ya bi.

Na taɓa tambayarta, ina budurwa, raina a ɓace, don me take wanke gawar mutanen da suka ƙi ta. Ta ce, "Gawa ba ta ƙi ni ba. Kuma in na bari, wa zai yi? Waɗannan da ba su san wanke hannu ba?"

Tabarmar nan kuwa tana nan. Ta ɗaure ta da igiya ta rataye a saman ɗakinta. Kowace shekara in an gama girbi sai ta sauko da ita, ta kakkaɓe, ta shanya a rana saboda gara, ta naɗe ta mayar. Ba ta bari a zauna a kai. Nakan tsokane ta in ce, "Tsohuwa, wannan tabarmar ta lefenki ce? Wane tsoho kike jira?" Sai ta kai min duka da mafici ta ce in bar mata kayanta. Sai da na yi aure na haihu, wata rana muna shanya ta tare, ta faɗa min ba tare da ta dube ni ba.

"Ta gaisuwar ubanki ce. Ban ce kada su zo ba har abada. Cewa na yi kada su zo ranar."

A nan na gane cewa matar da gari ke kira mai zuciyar dutse jira take yi. Na ce bari in je in gaya wa mai gari. Ta riƙe min hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "In kika roƙo min gaisuwa, ban yafe ba. Ba a roƙonta."

Shekarar korona na zo hutu na same ta da rediyo a kunne. Daga Yamai har Damagaram ba abin da ake faɗa sai annoba, annoba, a bar taro, a wanke hannu. Mutanen garinmu da suka toshe kunne a da, yanzu kalmar ta zama goro a bakinsu. Kaka ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ja'ira, kin ji? Gwamnati ta ari taɓaryata." Na yi zaton a lokacin wani zai tuna ya tako. Ba wanda ya tako. A shekarar ma ta shanya tabarmarta ta mayar.

Ba annoba ce ta kashe ta ba. Tsufa ne, a hankali, tana cikin hankalinta. Gwaggo ta ce maganarta ta ƙarshe ita ce a tabbata wadda za ta wanke ta ta wanke hannu.

Yanzu in koma inda na faro, ranar da aka kai ta, ina zaune ana yi mata addu'a mai jela. Gidan ya cika maƙil. Duk waɗanda suka ƙi zuwa tana da rai sun zo, ga kwanoni, ga fura. Ana cikin haka sai aka ce ga mai gari. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, yana dogara sanda. Ya tsaya daidai inda taɓarya ta tsayar da shi a da, bai ƙara taku ba. Aka ce a kai masa kujera waje, iyalin mamaciya su fito ya yi musu gaisuwa.

Na tashi. Gwaggo ta kama zanena, na fizge. Na shiga ɗakin Kaka na kwance igiyar, na fito da tabarmar, na shimfiɗa ta a tsakar gida, daga ciki, inda kowa ke gani. Ta yi fari, gefenta duk ya zare.

Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baba Mai Gari, ga tabarma can."

Ya ce, "Ki kawo ta nan. Kin san akwai rantsuwa a kaina."

"Rantsuwa tana da kaffara, ku kuka karanta, kun fi ni sani. Wannan tabarmar ba ta Kaka ba ce. Ta babana ce, wadda aka naɗe ranar da aka rufe shi. Kowace shekara sai yayarku ta shanya ta tana jiran ku. Ba zan karɓi gaisuwar Kaka a bakin kowa ba sai an yi ta babana." Na juya wajen matan da ke cike da gidan. "Har da ku. Wanda bai iya ba, ga kwanonsa nan, hanya a buɗe take."

Wani daga cikin dattawa ya ce, "Kai, jini ba ya ɓuya. Ga wata Mai Taɓaryar." Na ce masa na gode.

Mai gari ya juyo da fuskarsa wajen tabarmar. Sai ya tambaya, muryarsa ƙasa ƙasa, "Kowace shekara?"

Na ce, "Kowace shekara."

Ya miƙa wa na kusa da shi sandar. Ya cire takalmi. Ya ɗaga ƙafa ya tsallako, yana lalube da hannu, na kama shi na kai shi. Da ya zauna, tabarmar ta yi ƙara ta tsage a ƙarƙashinsa, don ta bushe da jira. Bai kira ni amarya ba. Ya ɗaga hannu, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ya haƙurin ɗana? Allah ya jiƙansa. Annoba ce ta ɗauke shi, Allah ya sa ya yi shahada." Gidan ya amsa da amin, wasu da ƙarfi, wasu a ciki. Daga nan suka taso ɗaya bayan ɗaya, matar nan mai cewa Allah ya yafe wa Kaka tana cikinsu, suna durƙusawa gabana suna yi min gaisuwar mutumin da ya rasu ina yarinya.

Na amsa wa kowa. Na ce haƙuri sai ma'aiki, na ce Allah ya ba da lada. Amma kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka an biya ta. Ba ni ce mai gaisuwar ba. Mai ita tun hantsi take kwance a maƙabarta, kusa da ɗanta, kuma tsakanin rumfar mai gari da ƙofarmu bai fi a kira mutum ya amsa ba.

Don haka duk mai yi wa kakata addu'a, ya yi ta ya tsaya, kada ya sa mata jela. Allah ya jiƙanki, Tsohuwa, ya haɗa ki da ɗanki, ya sa wankan da kika yi wa bayinsa ya zama wankan zunubanki. Taɓaryar tana nan jingine da turmi, kuma na san inda ake gitta ta. Tabarmar kuwa na bar ta a shimfiɗe a tsakar gida, a tsagenta. Gwaggo ta ce in naɗe ta kada awaki su ci. Na ce su ci, an riga an zauna.